Kwalaben da Inna Ta Wanke

Bana ma ruwa ya yi wasa da mutane. Ya sauka sau ɗaya mai kyau, kowa ya kwashi iri ya nufi gona, daga nan sama ta ɗauke. Da na baro Sakkwato ranar Asabar, tun daga Gwadabawa nake ganin gero a bakin hanya, ya fito ɗan tsito, ya nannaɗe ganye. Na iso Illela da azahar, riga ta manne mini a baya, idanuna suna yaji don na kwana biyu ina fama da takardun jarrabawar ɗalibai. Ba don Yaya Sani ya matsa mini da waya ba, wallahi da ina kwance a ɗakina.

Maganar fili ce. Da Inna ta rasu aka raba gida, ɗakinta da ɗan filin da ke bayansa suka faɗo a rabona. Shi kuma Yaya Sani kayan da yake kaiwa Ƙonni sun yi masa yawa a zaure, yana son filin ya gina sito. Na same shi a can da magina biyu, har sun kafa turaku sun ja igiya, ni kawai suke jira. Filin bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, ba komai a cikinsa sai turken akuya da wata tsohuwar tukunya a kife. Na tsaya ina kallonsa, zafin nan na ruwan da ya ƙi sauka yana dukan ƙeyata, sai wata shekara ta dawo mini gaba ɗayanta.

Shekarar da azumi ya faɗo a farkon damina ce, yau shekara goma sha wani abu ke nan. Ina digiri na biyu a lokacin, a sashen nazarin jikin ɗan adam, wanda muke cewa anatomi. Mutanen unguwarmu ba su taɓa gane karatun ba. Likita za ki zama? A'a. Nas? A'a. To mi? Wata maƙwabciyarmu ta ji an ce muna feɗe gawa, daga ranar ta daina karɓar ruwa a hannuna. Inna ita in an tambaye ta cewa take, "Tana can tana karatun da ba shi ƙarewa." Kuma ba ƙarya ta yi ba.

Bincikena a kan mabiyiya ne, abin nan da ke biyo jariri bayan haihuwa. Ina son in ga ɓarnar da zazzaɓin cizon sauro ke yi mata, da yadda hakan ke sa a haifi yaro ƙarami. Shekara guda da rabi na yi ina zaman ɗakin haihuwa na wani asibiti a Sakkwato, ina jiran mata su sauka. Kafin a miƙa wa dangi mabiyiya su kai gida, sai in yanki ɗan guntu kamar kan babban yatsa, in jefa a ƙaramar kwalba mai fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, in manna lamba a jikin kwalbar. Lambar nan ita ce komai. Ita ke gaya mini wace mace ce, yaya nauyin ɗanta, an sami zazzaɓi a jininta ko ba a samu ba. Guntun da ba lamba nama ne kawai, ba ya gaya wa kowa komai.

Abin da ya rage mini shi ne in sa su a kaki, a yanka su siriri fiye da fatar albasa, a rina, in duba a madubin da ke nuna ƙwayoyin jiki. Ina gama tara su ke nan malaman jami'a suka shiga yajin aiki. Aka garƙame sashe, aka ce kowa ya tafi gidan ubansa. Wani da ya riga ni ya taɓa barin nasa a ɗakin gwaji a irin wannan yajin, ya dawo ya tarar ruwan ya tsane, naman ya ƙandare. Ni kuwa ba ni da shekarar da zan yar. An riga an ƙara mini wa'adi sau ɗaya, ba a ƙarawa sau biyu, kuma Farfesan da ke duba aikina zai bar jami'ar a ƙarshen shekara. Na shirya kwalabena a kwali biyu, na rungumo su a kan cinya a mota har Illela.

Akwai kuma wata matsalar. Nama in ya daɗe a fomalin cikin zafi, sai ya fitar da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige masu kama da waɗanda zazzaɓi ke bari, waɗanda su nake nema. Wato kowace ranar zafi da ta wuce, aikina ƙara rikicewa yake. Dole in nema musu sanyi, a garin da wuta ba ta zuwa sai ta ga dama.

Inna ungozoma ce. Rabin yaran unguwarmu a hannunta suka faɗo, har daga tsallaken iyaka ana zuwa ɗaukarta a kan babur. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma wasa da mabiyiya. Tun ina ƙarama nake ganin yadda take yi. Ta wanke ta tas, ta duba ko ta fito cikakkiya, ta haƙa rami a bayan ɗakin mai jego, ta kwantar da ita gefen cibiya yana sama, ta rufe da tsingaron tukunya, ta mai da ƙasa. A wurinta mabiyiya abokiyar tafiyar yaro ce, in aka wulaƙanta ta yaro ba zai zauna lafiya ba, uwar ma haihuwa tana iya ɗauke mata. Na san haka sarai. Shi ya sa da ta tambayi abin da ke cikin kwalayen na ce kayan makaranta ne, na tura su ƙarƙashin gadonta kusa da randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, na lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu.

Ruwan shuka ya sauka kafin a ga watan azumi. Washegari muka tafi gonar marigayi Baba a Garu, mu uku. Yaya Sani a gaba da sungumi yana sara, ni da Inna a baya muna zuba iri muna rufewa da dunduniya. Ƙasa da sanyinta tana shiga tsakanin yatsun ƙafa, ƙamshinta ya cika ko'ina, daga gona zuwa gona mutane suna ɗaga murya suna yi wa juna barka da ruwa. Na daɗe ban yi shuka ba, sai Yaya Sani yake ta tsokanata wai masu digiri hatsi ya fi ƙarfinsu, ina zuba iri kamar mai ba kaji. Mun dawo da yamma bayana kamar zai ɓalle, amma ina dariya. Ina jin ita ce dariyar ƙarshe da na yi a daminar.

Aka ga wata, aka ɗauki azumi, ruwa ya ɗauke ƙafa.

Wanda bai yi azumi a damina marar ruwa ba, ba zai gane ba. Zafin bazara ya fi shi mutunci, don shi aƙalla gumi yana bushewa. Wannan kuwa iska ba ta motsi, jiki yana danƙo tun hantsi, numfashi ma sai ka yi da gaske. Da la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi wuluk, iska ta taso da sanyi-sanyi, mata su fara kwashe shanya, a fito da duk wani bokiti da tukunya a jera a bakin indararo. Sai ka ga hadarin ya karkata ya yi arewa, ya watse a kan Nijar, su ma can ba su samu ba. A mai da bokitai wurinsu. Haka kusan kullum.

Rumbunmu ya kai ƙasa, don bara ma ba a samu ba. Kwanakin gidan suka koma iri ɗaya. Da sahur ɗumamen tuwo da ruwa, ruwa mai yawa, har ciki ya riƙa ƙara in ka motsa. Da gari ya waye in ɗauki jarka in bi layin rijiyar bayan masallaci, inda guga ke daɗewa kafin a ji ya taɓa ruwa, ya kuma fito da rabi, jajir. In na dawo Inna ta auno geron ranar, ta auna ta rage, ta sake dubawa ta ƙara ragewa. Mu surfa, mu wanke, ruwan wankin ma ba a zubarwa, na akuya ne. Da rana kowa ya nemi inuwa ya kwanta kamar an doke shi. Da la'asar a dama kunun tsamiya, tsararo, kana ganin ƙasan kwano. Ƙosai sai ran Juma'a. Abin da ya riƙe mu shi ne ganye, tafasa da yaɗiya, a dafa a matse a kwaɗanta da ɗan ƙuli-ƙuli. Fulanin da ke kawo mana nono suka fara kawo shi da garin kuka a ciki don ya yi kauri, shanu ba su da abin bayarwa, mu ma muka yi kamar ba mu gane ba.

Kasuwar Yaya Sani ita ma ta tsaya. Mutanen tsallake ba saye suke zuwa yi ba, sayarwa suke zuwa yi, awaki da tabarmi da kwanonin ɗaki. Matansu suna bi gida-gida da goyo suna tambayar dusa, kuma kowa ya san ba dabba za su ba.

A cikin wannan halin, safe da la'asar sai na ɗebi ruwa a randa na jiƙa buhun nan na kan kwalaye. Ruwan da na tsaya a layi na ɗebo, wanda za mu sha. Inna tana kallo, ba ta taɓa hana ni ba. Sau ɗaya dai ta ce, "Kayan makarantar ga naki sun hi akuya shan ruwa." Na yi murmushi na wuce.

Wajen tsakiyar azumi na fito da kwalayen bakin ƙofa ina duba waɗanda ruwansu ya ragu ina ƙara musu. Na ɗaure hanci da gefen mayafi. Inna tana zaune tana tsinkar yaɗiya a faifai, warin ya kai mata, ta yi tari.

"Kulu, wanga abu mai yaji haka, naman mi ne ciki?"

Da ba azumi nake ba da na ce na ɓera ne, an wuce wurin. Amma bakina a bushe yake, na gaji, ƙaryar ta ƙi fita.

"Mabiyiya ce, Inna."

Ta ajiye faifan. "Ta mi?"

"Ta mutane."

Ta miƙo hannu, na ba ta kwalba ɗaya. Ta ɗaga ta sama wajen haske, ta juya ta a hankali, ɗan guntun toka-toka yana lilo a ciki.

"Duka?"

"Duka. Amma guntu-guntu ne. Sauran an ba dangi sun kai gida."

"Sunka binne ta da giɓi."

"Ɗan kaɗan ne, Inna, bai kai komi ba."

"Ɗiyan suna da rai?"

"Mahi yawansu."

"Uwayen sun sani?"

"Sun sani. Kowace sai da anka yi mata bayani ta dangwala hannu."

"Macen da ta sauka daga kan gwiwa yanzu-yanzu, mi za ki miƙa mata ta ƙi dangwalawa?"

Na zauna na yi mata bayani, dogo, irin wanda ban taɓa yi wa Farfesa ba ma. Na ce yaran da take karɓa ƙanana kamar 'yan kyanwa, waɗanda ba sa kai suna, su nake son a gane abin da ke cin su tun a ciki. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba.

"In kin ƙare dubawa, a binne su?"

"A'a. Cikin kaki aka aje su, a kabad."

"Har yaushe?"

"Ba rana."

Ta miƙo mini kwalbar da hannu biyu. Ta ce, "To." Ta jawo faifanta. Ni kuwa har da ajiyar zuciya, na ɗauka magana ta ƙare. Shekara talatin ba kaɗan ina tare da matar nan, amma ban san irin wannan "to" ɗin nata ba. Daga ranar ta fitar da tabarmarta tsakar gida, ta daina kwana a ɗakin. Ta ce zafi ne, na yarda.

Geron Garu ya ƙone. Yaya Sani ya je ya dawo, ya zauna a zaure ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Aka fita roƙon ruwa, maza da yara da dabbobi, muna jin su daga cikin gida. Aka ɗan sami yayyafi, sai Inna ta auni geron da za mu ci ta ba shi ya je ya sake shuka, kununmu ya ƙara tsinkewa. A kwanakin nan ne aka yi ta rasa yara a unguwa, gudawa da zazzaɓi a kan yunwa. Da yawansu Inna ce ta yanke musu cibi. Takan dawo daga gaisuwa ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, dunduniyarta dab da kwalayen, ta daɗe a haka. Ina ganinta, amma hankalina yana kan baƙaƙen ɗige-ɗigen da nake tsoron suna fitowa a cikin kwalabena.

Ana cikin goman ƙarshe Malam Isa ya kira ni. Shi ne mai kula da ɗakin gwajin sashenmu, dattijo mai tausayin ɗalibai. Ya ce an sami man janareta na wani aikin daban, zai riƙa buɗewa a ɓoye, in zo mu yi magana. Na bi motar safe zuwa Sakkwato. Hanya duk rami, motar cike da mutane da warin gumi, wata mata tana ta amai a leda ga azumi. Malam Isa ya nuna mini kaki, ya nuna mini wuƙar yanka sabuwa, ya ce, "Ki kawo su gobe. Kafin salla mun sa su duka a kaki, daga nan ko shekara yajin ya yi ba ruwanki." Na fito kamar an sauke mini dutse daga ka. A tashar Illela na sayi dabino da ɗan dunƙulen ƙanƙara na ƙulle a leda, ina sauri kada ta narke kafin in kai wa Inna.

Na shiga gida rana ta yi ja. Tun daga zaure warin fomalin ya tare ni.

A tsakar gida, a kan tabarma, ga kwalabena a jere, a kife, an wanke su tas suna sheƙi. Murafen a kwano ɗaya. Takardun lambobin, da ruwa ya ɓamɓare su, an tara su a faifai an danne da dutse, don Inna ba ta yarda a taka rubutu. Ita kuma tana zaune a kan kujerar tsuguno, hannuwanta a kan gwiwa, tafin yana sama. Idanunta sun yi jajir suna zubar ruwa, zanenta duk ƙasa.

Ta ce, "Sannu da hanya. Ga kwalabenki nan na wanke maki. Ba wadda ta hwashe."

"Inna, mi kinka yi?"

"Na kai su inda ya kamata su tahi."

Na zagaya bayan ɗaki. Ga fartanya a jingine. Filin nan gaba ɗaya an tone shi an mayar, ƙananan tuddai layi-layi kamar an yi shuka. Na durƙusa na tona ɗaya da hannu. Tsingaron tukunya, a ƙarƙashinsa ɗan guntun nan, yashi ya manne masa. Na riƙe shi a tafin hannuna. Na wace mace ce? Wane yaro? Na tona na biyu, na uku. Duk iri ɗaya. Ko da zan tono su duka in wanke, ba wanda zai iya cewa wannan na wance ne. Na zauna daɓas a ƙasa. Ban yi ihu ba, ba ni da ƙarfinsa.

Ta biyo ni tana dafa bango.

"Kowane da raminai," in ji ta. "Ba a haɗa ɗiyan mutane rami guda. Ban san samansu da ƙasansu ba, tunda guntaye ne, na dai yi bisimilla. Gehen taki mabiyiyar na sa su, nan inda na sa ta Sani. Ba su da kowa garin ga."

"Shekarata guda da rabi ce, Inna."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Gobe za ni kai su. Gobe."

Ladan ya kira salla. Yaya Sani ya leƙo, ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Ku bari a sha ruwa tukuna." Ƙanƙarar tana can inda na yar da ita a tsakar gida, ta zama ruwa a leda.

Wajen shan kunu na lura da hannuwanta. Ludayi ya ƙi riƙuwa. Da hannu tsirara ta tsamo kowane guntu daga fomalin ta wanke shi, tun hantsi har la'asar, da azumi a bakinta, da ruwan da ya rage a randa. Yatsun sun yi fari, sun ƙage, fatar ta yi tauri kamar ƙirgi. Kwana biyu bayan nan suka tsattsage. Na ji haushinta irin wanda ban taɓa jin na kowa ba, har cikin ƙashina, kuma ni ce dai na ɗauki ludayin na ba ta a baki.

Haka muka ƙarasa azumin. Ba na yi mata magana sai gaisuwa. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke surfe, ni ke daka, ni ke shafa mata man kaɗanya a yatsu in naɗe da tsumma safe da yamma. Ta miƙo hannu, in shafa, in ɗaure, in tashi. Ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba. Na kira Malam Isa na gaya masa gaskiya, don ban san ƙaryar da za ta yi daidai da wannan ba. Ya ce, "To. Ita Allah ya ba ta lada, ke kuma Allah ya ba ki haƙuri." Farfesa shi cewa kawai na yi sun lalace.

Ruwa ya sauka ana jajibirin salla, da rana tsaka, ba hadarin kirki ma. Kamar wasa ya fara, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Indararo yana zuba, bokitai suka cika suka tumbatsa, yara suna tsalle a lungu, ƙamshin ƙasa ya kori warin da ya maƙale a gidan. Na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallo, ban ji daɗi ba, ban ji komai ba, barci kawai nake ji. Da ya tsagaita na zagaya baya. Tuddan nan duk sun lotsa, kowane ya zama ɗan gurbi da ruwa a ciki, layi bayan layi. Inna ta zo ta tsaya a gefena da hannuwanta a naɗe, ta daɗe tana duba su. Ta ce, "Sun zauna." Ta koma ciki.

An sami gero a shekarar, ba yawa, na shuka ta biyu. Ni wa'adina ya ƙare. Farfesa ya tafi. Na sake rajista daga farko, aka ba ni wani malamin, na koma bencin ɗakin haihuwa na zauna jiran mata su sauka, shekara biyu cur. Waɗanda muka fara tare suka gama, wasu har sun fara koyarwa, ina gaishe su a baranda. Ban ƙara kawo ko kwalba ɗaya Illela ba. Ranar da na kawo wa Inna takardar kammalawa ta shafa ta da yatsun nan da farcensu bai ƙara fitowa daidai ba, ta sa mini albarka, sannan ta ce, "Na wanga karon hwa, ina kinka kai su?" Na ce suna cikin kaki, a kabad. Ta ce, "Allah shi kyauta." Suna can har yau, a kabad na biyu daga ƙofa, ina wuce su kowace safiya.

Yanzu gidan ya canja. Yaya Sani ya haƙa burtsatse, ya sa sola, firizansa cike da ƙanƙara har sayarwa yake. Da a ce a lokacin ne, da kwalabena sun sami sanyi ba tare da na taɓa randa ba, watakila da Inna ba ta ma san abin da ke ciki ba. Ɗalibaina da waya suke ɗaukar hoton abin da suka gani a madubi. Yajin aiki dai yana nan bai fasa ba, kuma duk wanda ya zo ya ce zai tafi da samfurinsa gida, nakan tambaye shi wa ke gidan. Ban taɓa cewa Inna ta yi daidai ba. Shekara biyu ta ci mini, kuma har gobe in na tuna sai raina ya sosu.

"Dakta," in ji Yaya Sani, "magina na jira. Ke kinka san kayan ga. Akwai wani abu a nan da ya rage?"

Na dubi filin. Guntun nama kamar kan yatsa, a cikin yashi, damina goma sha wani abu ta bi ta kansa. Na san amsar fiye da kowa a garin.

Na ce, "Babu komi. Ƙasa ta cinye tuni."

"Madalla." Ya juya wajen maginan. "To ku sa diga."

"Ku matsa da igiyar can gaba, wajen garka, bakin ƙofar gida."

"Can ai ya matse, sito ba shi isa. Ba ke kinka ce babu komi ba?"

"Babu."

"To mi?"

"Ku matsa dai, Yaya."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya sunkuya da kansa ya tuge turken farko. Ni kuma na je na zauna a kan tukunyar nan da ke kife, ina kallon gabas inda hadari ya fara haɗuwa.